Kujera Bakwai, Mutum Takwas

Masu karatu, na ga saƙonninku. Wata ta ce zuciyata dutse ce, wata kuma ta ce in ba na son mutumin in turo mata lambarsa. Na gode muku duka, ban yi fushi ba. Umma da ta haife ni ma kusan abin da take faɗa ke nan, sai dai ita ba ta nemi lambarsa ba.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa, ni ce auta a gidanmu, shekarata ashirin da bakwai, kuma ina aiki a ofishin wani kamfanin motocin doguwar tafiya. Aikina rubuta takardar fasinja. Takarda ce mai zanen mota kamar an leƙa ta daga sama, akwati-akwati, kowane akwati kujera ɗaya, a gefe kuma ga layin suna da layin wurin sauka. Ƙa'idarmu biyu ce, tun ranar farko Manaja ya dasa min su a ka. Ta ɗaya, sunaye ba sa wuce adadin kujeru. Ta biyu, da fensir ake rubutawa muddin ana iya canza magana, ranar da aka bi ta kai da biro kuwa mota ta tashi, ko uwar mutum ce ta makara sai dai ta bi ta gobe. Shekara biyar ina wannan aiki, fensir da biro kullum a aljihun shuɗiyar rigar ofis ɗina. Na tura mutanen da ban san adadinsu ba zuwa garuruwan bakin teku, ni kaina ban taɓa ganin tekun da idona ba.

Shi kuma mutumin da kuke ta tsaya masa, shagonsa yana tsallaken titi daga tasharmu. Yana gwada ido, yana sayar da tabarau, shi ya sa a gidanmu kowa Mai Tabarau yake ce masa. Matarsa ta rasu shekara biyu da suka wuce, ta bar masa yara biyu. Babbar mace ce, shekararta bakwai, ana ce mata Tsuntsuwa don ba ta cin abinci sai tsattsagewa. Ƙaramin shekararsa uku, Sarkin Barci, ko a kan kujerar aski sai ya yi. Wata uku ke nan da Mai Tabarau ya ce yana so ya aure ni. Na ce masa zan yi tunani, kuma har yau tunanin nake yi.

Kar ku ce ba na sonsa. Ina sonsa daidai gwargwado, irin son da ba ya hana mutum cin abinci. Mutum ne mai sanyi, ba ya katse mutum in yana magana, kuma in zai faɗi abu mai nauyi sai ya cire tabaransa ya goge shi da gefen riga tukuna. Matsalata Tsuntsuwa ce. Yarinyar nan ba ta taɓa yi min rashin kunya ba, gaisuwa har ƙasa, amma tana kallona kamar jami'in da ya zo duba takardun mota. Ni kuwa tsoron yara nake ji, gaskiyar ke nan. Fasinja in ya ɓata maka rai awa goma ne ya sauka, yaro kuwa ba shi da tasha.

Wata Juma'a da yamma na dawo daga aiki na tarar da Umma a falo tana ninke kayan wanki, Yaya kuma ta miƙe ƙafa a kan doguwar kujera tana shan ruwan sanyi, tagwayenta 'yan shekara huɗu suna ƙarƙashin tebur suna yaƙi a kan murfin kwalba. Daga yadda suka yi shiru da na shigo na san da ni aka yi hirar.

“Auta, zauna,” in ji Umma. “Bawan Allahn nan fa ba itace ba ne da za ki dasa shi a ƙofar gida. In e ne ki ce e, in a'a ne ki sallame shi ya kama gabansa. Ni ban ce dole ba, amma riƙe mutum haka ba kyau.”

“Umma, tunani nake.”

“Wata uku? Ko jirgin sama za ki saya ai ya ci a ce kin gama.”

Yaya ta ajiye kofi. “Ni na samo mafita. An kusa hutun makaranta. Baban Tagwaye ya daɗe yana cewa mu bi hanyar nan ta bakin teku da mota, kwana biyar. Motar Mai Tabarau babba ce. Mu tafi gaba ɗaya, mu da yaranmu, shi da nasa, da ke. Wanda ya yi kwana biyar a mota da yara huɗu, wallahi ya san abin da yake so a rayuwa.”

“In kun dawo kuma ki ba shi amsa,” Umma ta ƙarasa, tana daddanna zanin da ta ninke. Na ce to, don a lokacin na ga kamar an ƙara min wa'adi ne kawai.

Kun san halin gida, duk wanda ya iya abu shi ake ɗora wa. Kafin magariba Yaya ta buɗe guruf a waya ta sa masa suna Tafiyar Teku, ta sa hoton wata bishiyar kwakwa, ta rubuta: “Auta ce shugabar tsare-tsare, kowa ya bi umarni.” Baban Tagwaye ya turo babban yatsa. Mai Tabarau ya rubuto: “Ranki ya daɗe, direba yana jiran oda.”

Ni kuma na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Maganar aure ban san ta inda zan kama ta ba, amma hanya, ai gonata ce. Na aro babbar taswira daga ofis, na tambayi tsofaffin direbobinmu inda kwalta ta lalace da inda gada take cika da ruwa in an yi ruwan sama. Na raba tafiyar yadda ba ranar da za mu wuce awa huɗu a kan hanya, da tsayawa duk bayan awa ɗaya da rabi, don mafitsarar yaro ba ta san jadawali ba. Na zaɓi masaukai masu katanga tsakaninsu da ruwa. Na rubuta jerin kaya har shafi biyu: gidan sauro, man shafawa na rana, huluna, maganin zazzaɓi da na gudawa, kayan canji uku-uku a ƙaramar jaka da hannu zai kai, ledojin amai a aljihun kowace kujera, biskit marar zaƙi sosai, ayaba, ruwa katan huɗu. Alewa na soke ta da jan layi.

Ranar Asabar da hantsi aka yi taro a falon Yaya. Na sa doguwar riga ruwan toka da farin mayafi, ban yi kwalliya ba, na zo da fayil. Mai Tabarau ya iso cikin farar riga mai gajeren hannu, Sarkin Barci a kafaɗarsa ya riga ya yi nisa, Tsuntsuwa a bayansa da jar riga da ƙaramar jakar makaranta da ba ta rabuwa da ita. Na shimfiɗa taswirar a kan kafet, na danne kusurwoyinta da kofuna, na karanta musu dokoki.

“Doka ta ɗaya, kowane yaro yana da babba guda da zai riƙe shi a bakin ruwa, ba a cewa na ɗauka yana wajenki. Ta biyu, kowa da bel ɗinsa. Ta uku, ba a ɗora yaro a cinya in mota tana tafiya, ko minti ɗaya ne.”

“Kai, Auta,” in ji Baban Tagwaye yana dariya, “yawon shaƙatawa za mu ko aikin soja?”

“Sojan ma da tsari yake dawowa gida,” na ce masa.

Tagwaye sun riga sun taka taswirar sau biyu. Tsuntsuwa kuwa ta durƙusa a gefe, hannayenta a bayanta, tana bin shuɗin da ido. Can ta ɗago ta dube ni, karo na farko da ta fara yi min magana ba gaisuwa ba.

“Anti, duk wannan shuɗin ruwa ne?”

“Duk ruwa ne.”

“Ana rufe shi in an tashi aiki?”

“A'a, kullum a buɗe yake.”

“Ta wace taga zai fito?”

Na duba taswirar. Tambaya ce mai kyau, ko manyan ba wanda ya yi ta. “A tafiya ta hannun dama zai kasance. A dawowa ta hagu.”

Ta gyaɗa kai, ta buɗe jakarta ta fito da wani kwali da ta zana wa layuka, ta nuna wa tagwaye. Kwanakin da suka rage ne, kullum da safe tana manna tauraro ɗaya. Saura goma sha ɗaya.

Da na fito raka su bakin mota, Mai Tabarau ya kwantar da ƙaramin a kujerarsa, ya rufe ƙofa a hankali, sannan ya cire tabarau ya fara gogewa. Na ce a raina to, ga ta nan.

“Mahaifiyarsu ce ta yi mata alkawarin teku,” ya ce. “Ta ce in ta warke za su je. Tun daga nan ba ta sake ambatarsa ba sai makon nan. Yanzu ko a barci maganarsa take.”

“Allah ya jiƙanta,” na ce.

“Amin. Na faɗa miki ne kawai don ki sani, ba don in ɗora miki nauyi ba.”

Na ce na gane. Na dawo ciki na naɗe taswirata, na tsince ɓarɓashin biskit daga kanta.

Ranar Litinin da safe, bayan motar ƙarfe tara ta tashi, tasha ta yi sauƙi, na zaro takardar fasinja guda ta ƙananan motoci masu kujera bakwai, na feƙe fensir. Direba, Mai Tabarau. Kusa da shi Baban Tagwaye, don ya taya shi hira kar ya yi gyangyaɗi. Layin tsakiya Yaya a tsakiya, tagwaye dama da hagu, don in ba a raba su ba sai an yi jini. Layin baya Sarkin Barci a hagu, Tsuntsuwa a tagar dama. Na cike wa kowa wurin saukarsa, na ƙirga akwatuna bakwai, sunaye bakwai, ba gibi ba ragi. Har wani daɗi na ji, irin na aikin da ya fita tsaf. Na ɗauki hotonta na tura guruf na rubuta: “Ga tsarin zama. Haka za a tafi in Allah ya yarda.” Da azahar na tsallaka titi na ajiye masa ainihin takardar da jerin kayan yara a cikin ambulan a kan kantar shagonsa, yana ciki da mai gwajin ido, ban jira shi ba.

Guruf ɗin da ba ya minti biyar ba a yi magana ba ya yi tsit. Kowa ya gani, ba wanda ya tanka. Na ɗauka aiki ne ya riƙe su. Wajen la'asar saƙonsa ya shigo, ba a guruf ba, ni kaɗai.

“Na ga takardar. Na fahimta. Na gode da kika faɗa min ta hanyar da ba za ki ji nauyi ba. Ba komai wallahi, kuma ba abin da zai canza na mutunci tsakaninmu. Yaran dai zan san yadda zan yi musu bayani.”

Na karanta sau uku. Na ce wannan kuma wane irin godiya ne a kan tsarin zama? Kafin in rubuta amsa kiran Yaya ya shigo.

“Auta, ke wace irin mutum ce? A guruf? A gaban mijina? In ba za ki aure shi ba ai sai ki kira shi gefe ki faɗa masa kamar 'yar mutane.”

“Yaya, me na yi?”

“Me kika yi? Buɗe takardarki ki nemo min sunanki.”

Na buɗe hoton. Na bi akwatunan ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Masu karatu, ba na ciki. Mu takwas ne, motar kujera bakwai ce, kuma tunda aka fara maganar tafiyar nan ba wanda ya ƙirga, kowa ya bar wa shugabar tsare-tsare. Ni kuma hannuna ya yi abin da ya saba. Shekara biyar ina cike takardar nan, ban taɓa rubuta sunana a cikinta ba, don mai rubutu ba fasinja ba ce. Tana tsayawa a bakin tasha ne ta ɗaga hannu, mota ta wuce.

“Kina jina?” in ji Yaya.

“Ina ji.”

“To kuskure ne ko da gangan ne?”

A nan ne zan faɗa muku abin da ban faɗa wa kowa ba. Kuskure ne, Allah ya sani. Kuma gyaransa ba ya ɗaukar minti biyu, ga motoci masu kujera goma jere a bayan ofishinmu ana bayar da su haya kullum. Amma da na buɗe baki sai na ji wani irin sauƙi ya sauko min tun daga wuya har ƙafa. Abin da na kasa faɗa wata uku, takarda ta faɗa min shi, kuma mutumin ya karɓa ba faɗa ba kuka. Ba sai na kalli idon kowa ba.

“Yaya, fasinja suna jirana,” na ce, na kashe wayar. Ba kowa a gaban tebur ɗina.

A gida Umma ba ta yi min faɗa ba, wanda ya fi faɗan ciwo. Ta amsa gaisuwata tana kallon talabijin, ta ce abinci yana kicin. Da na zo wucewa ta ce, “Na ce ki sallame shi, ban ce ki jefar da shi ta taga ba.” Na ci abincina, na wanke kwanon, na goge rigar ofis ta gobe.

Talata ta wuce haka. Na rubuta takardu shida, na bi ta kan biyar da biro. Saƙonsa yana nan ban amsa ba, shi ma bai ƙara ba. Guruf ɗin ya mutu, sai Baban Tagwaye da ya turo hoton wata taya ya tambaya ko a sayi ta ajiya, ba wanda ya kula shi. Ta tagar ofis ina hango ƙofar shagonsa. Da can in ya fito shan iska sai ya ɗago min hannu, ranar bai fito ba. Na lura da hakan kamar yadda nake lura da motar da ta makara, na ci gaba da aikina. Ban yi kuka ba, kar ku sa min abin da ban yi ba.

Ranar Laraba da rana hannun tabarauna ya cire. Ƙaramar ƙusar ce ta faɗi, na neme ta a ƙarƙashin tebur har na gaji. Ba na iya karanta ko lambar kujera ba tare da shi ba, kuma shagon tabarau ɗaya ne a duk layin. Na ɗaure shi da zare ya ƙi zama. Ƙarfe uku na haƙura, na gyara mayafina na tsallaka titi.

Shagon da sanyinsa kamar kullum, madubai ta ko'ina, tabarau jere a bango. Ƙofar ɗakin gwaji a rufe, ina jin muryarsa a ciki yana ce wa wani dattijo, “Wannan layin fa, Baba? Na ƙasan?” A bayan kanta Tsuntsuwa ce zaune a kan doguwar kujera, da kayan makaranta, ƙafafunta ba sa kai ƙasa. Ta sauko ta gaishe ni.

“Abba yana da mutum. Ya ce kowa ya zo ya jira.”

Na zauna a kujerar jira, tabarau a hannu. Ta koma wurinta, ta yi kamar tana aikin gida, tana satar kallona. Can ta buɗe jakarta ta zaro takarda ninke huɗu, ta zagayo ta tsaya a gabana.

“Anti, na gyara miki.”

Takardata ce. Na riƙe tabaraun a fuskata da hannu ɗaya na duba. Komai yana nan yadda na rubuta, sai akwatin baya na tagar dama. An goge shi da ƙarfi har takardar ta kusa hujewa, an rubuta Anti a ciki da manyan baƙaƙe masu karkata.

“Ina sunanki?” na tambaye ta.

“Na goge. Abba ya ce ba za ki je ba. Na ƙirga na ga kujerun ne ba su kai ba. Na ce masa zan zauna a cinyarki, ya ce ke kika hana.”

“To ke fa?”

“Zan zauna wajen Kaka. Ba komai.” Ta ɗan ɗaga kafaɗa, irin yadda ubanta yake yi. “Na taɓa ganinsa a waya ai. Kuma tagar dama ce, za ki gan shi sosai.”

Na ce, “Wa ya ce ki yi haka?”

“Ba kowa. Abba bai sani ba.” Ta waiga ƙofar ɗakin gwaji ta rage murya. “Da yana waƙa a mota in zai kai mu makaranta. Bai iya ba, amma yana yi. Tun jiya ya daina. Da ma ya taɓa dainawa, da daɗewa, sai da ya fara zuwa gidanku ya ci gaba.”

Ta cikin bakin jakarta ina hango kwalin nan na taurari. Na ce ta miƙo min. Ta zaro shi a hankali ta ba ni. Tauraron Lahadi yana nan, na Litinin yana nan. Talata da Laraba ba komai.

Masu karatu, na sha faɗa muku ni ba mai saurin jin abu ba ce. Amma a wurin nan kunya ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba tunda nake. Ni da shekara ashirin da bakwai na ɓuya a bayan takarda kwana biyu, 'yar shekara bakwai kuma ta zauna ta yi lissafi ta cire kanta daga abin da uwarta ta yi mata alkawari. Kuma tsoron nan da nake ji nata, na duba ban same shi ba. Abin da na samu a wurinsa shi ne ba na so yarinyar nan ta ƙara goge sunanta saboda kowa, balle saboda ni.

“Ba ni abin gogewarki,” na ce.

Na ɗora takardar a kan kantar shagon. Na goge Anti, na zaro fensir daga aljihu na mayar da sunanta a tagar dama. Ta buɗe baki za ta yi magana na ce ta tsaya. A gefen zanen motar, a fili inda babu kujera, na zana akwati na takwas. Ya fito a karkace don hannu ɗaya nake da shi, ɗayan yana riƙe da tabarau. A ciki na rubuta Ni. Da Manaja ya ga takardar nan da sai ya nemi ruwan sanyi.

“A waje za ki zauna?” in ji Tsuntsuwa.

“Za a canza mota. Akwai mai kujera goma a wajen aikinmu.”

“Da ma akwai?”

“Da ma akwai.”

Ta kalle ni, kallon nan nata na mai duba takardu. Gara ma da ta yi magana.

Ƙofar ɗakin gwaji ta buɗe. Dattijon ya fito yana ta godiya, Mai Tabarau ya raka shi har bakin ƙofa, ya juyo ya gan ni. Ya rame a kwana biyu, ko kuma idona ne da ba tabarau sosai. Ya gaishe ni kamar yadda yake gaida kowane mai saye, ya miƙo hannu ya karɓi tabaraun, ya duba.

“Ƙusa ce kawai. Minti ɗaya.”

“Abba, duba,” in ji Tsuntsuwa, ta tura masa takardar.

Ya duba. Ya daɗe yana kallon wurin da aka goge, ya kalli 'yarsa, sannan ya kalli akwatin nan da ke rataye a gefen mota. Ya ajiye tabarauna, ya cire nasa ya fara gogewa da gefen riga.

“Kuskure na yi ranar Litinin,” na ce. “Mantawa na yi da kaina. Amma jiya da shekaranjiya ba kuskure ba ne, na sani na yi shiru. Ka yi haƙuri.”

Ya gyaɗa kai a hankali. “Na gode da kika faɗa.” Ya sa yatsa ya turo abin gogewar nan ta kan gilashin kanta har gabana. “Amma in don yarinya ce, ko don Umma, kar ki yi. Za mu je teku ko da ke ko ba ke, na yi mata alkawari. Wannan fensir ne, yana goguwa. Ba wanda zai riƙe ki da shi.”

Na taɓa ba shi labarin ƙa'idar ofishinmu tun farkon haɗuwarmu, ashe bai manta ba. Na kalli abin gogewar, ɗan guntu ne mai siffar kifi, an cije masa wutsiya. Na mayar wa Tsuntsuwa kayanta. Na ɗauki tabarauna na riƙe a fuska, na sa ɗayan hannun a aljihu na zaro biro, na cire murfin da haƙori, na bi ta kan akwatin nan gefe huɗu, na bi ta kan baƙaƙe biyun da ke ciki.

Ya mayar da tabaransa, ya sake cirewa, ya juya ya shiga neman ƙusa a cikin aljihun tebur da na san ba nan yake ajiye su ba.

Tsuntsuwa ta jawo takardar ta ɗora haɓarta a kan gilashin kantar tana bin layukan da yatsa, ɗaya bayan ɗaya, yadda nake yi. Ta kai layi na takwas ta tsaya.

“Anti, ba ki gama ba. Kowa kin rubuta masa inda zai sauka in mun dawo. Ke ba ki rubuta ba.”

Ubanta ya daina motsi a bayan kanta. Ta turo min takardar, ta sa ɗan yatsanta daidai kan layin da ba komai, ta ɗago tana jira. Biron yana hannuna, murfinsa har yanzu yana bakina.